Gadar da Ruwa Ya Gina

Yara, duk wanda ya taɓa fita bayan gari da damina ya san aikin ruwa. Yau a yi ruwa ya bi ta wata 'yar hanya, gobe ya sake bi, kafin kaka ta yi sai ka ga wurin ya zama kwazazzabo, ko akuya ba ta iya tsallakewa. To, wannan aikin damina ɗaya ke nan a ƙasa mai taushi. Yau za mu ga abin da ruwa ya kan yi wa dutse in ya sami shekaru dubbai bisa dubbai yana bi ta kansa. Domin haka za mu tafi ƙasar Faransa, mu sauka a wani ƙauye na bakin kogi, mu ga abubuwan da su ke jawo baƙi zuwa can, mu kuma ga yadda mutanen wurin su ke tsaron abin da su ke taƙama da shi don kada ya lalace.

Ƙauyen da Koginsa

A kudancin Faransa akwai wani kogi wanda a ke kira Ardesh. Tsawonsa kilomita 125 ne. Ya taso daga duwatsun tsakiyar ƙasar, ya gangaro ya faɗa cikin wani babban kogi mai suna Ron, shi kuma Ron ya kai ruwansa Bahar Rum. Kafin Ardesh ya sadu da Ron sai da ya ratsa wani faffaɗan tudu na dutse, ya tsaga shi biyu, ya yi kwazazzabo mai tsawon kilomita wajen 30.

A daidai bakin kwazazzabon nan ƙauyen Vallon ya ke. Mutanensa ba su kai 3,000 ba. Gidajensu na dutse ne, lungunansu ƙanana, kasuwarsu tana ci ran Alhamis da safe. A kewayen ƙauyen akwai gonakin inabi da na zaitun. A ƙetaren kogi kuwa akwai wani ƙauyen, Salavas, an haɗa su da gada.

A zamanin da, mutanen Vallon manoma ne. Su kan kuma yi kiwon tsutsar siliki, 'yar'uwar wadda masaƙanmu su ke samun zaren tsamiya daga gare ta, har wata cuta ta faɗa wa tsutsar wajen 1850, sana'ar ta yi ta ja da baya. Waɗansu kuma su kan shiga kwazazzabo su sari itace, su ƙona gawayi, su ɗora a jirage su gangara da shi. Yanzu kuwa babbar sana'arsu ita ce saukar baƙi. A watan Yuli da na Agusta, sa'ad da mu ke tsakiyar damina, su can lokacin zafi ne da ƙarancin ruwa, makarantu kuma suna hutu. Sai mutane su yi ta zuwa daga biranen Faransa da sauran ƙasashen Turai, har baƙi su ninka 'yan gari sau da yawa.

Dutsen Farar Ƙasa

Kafin mu shiga kwazazzabon, ya kamata mu san irin dutsen da ke wurin, gama shi ne asalin kome. Ba irin baƙin dutsen nan ba ne mai tauri da a ke yin dutsen niƙa da shi. Dutsen farar ƙasa ne, watau irin wanda a ke haƙowa a Kalambaina kusa da Sakkwato, da Ashaka a Jihar Gombe, da Malbaza a ƙasar Nijar, a ke yin siminti da shi.

Daga ina wannan dutse ya fito? Daga cikin teku. Masana sun ce fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, inda Vallon ya ke yau teku ne mai ɗumi, marar zurfi ƙwarai. Cikinsa akwai ƙananan halittu masu ɓawo kamar na katantanwa. In sun mutu sai ɓawonsu ya kwanta a ƙasa, wani bisa wani, wani bisa wani. Da nauyi ya yi yawa sai ya danne, ya daskare, ya zama dutse. Daga baya ƙasa ta ɗaga, teku ya janye, dutsen ya fito fili. Har yau in ka duba da kyau ka kan ga siffar ɓawon a jikinsa. Haka kuma a kan gani a dutsen Kalambaina, domin can ma teku ya taɓa kwanciya.

Dutsen farar ƙasa yana da wani hali, shi ne ba ya jure wa tsami. Kuna iya gwada wannan da kanku. Ku sami ɓawon ƙwai, gama jinsinsu ɗaya ne, ku sa a ƙoƙo, ku matsa masa lemon tsami. Jim kaɗan za ku ga 'yan ƙananan kumfa suna tasowa a jikinsa. In kun bar shi ya kwana biyu, sai ku tarar ya yi laushi, tsami ya ci shi.

To, ruwan sama ma yana da ɗan tsami, ko da ya ke harshe ba ya jinsa. Yana samunsa daga irin iskar nan da mu ke fitarwa in mun yi numfashi, wadda ta ke gauraye da iskar sarari, ta ke kuma da yawa cikin ƙasa inda ganye ya ke ruɓewa. In ruwan ya sami 'yar tsaga a jikin dutsen sai ya shiga, ya narkar da ɗan kaɗan, ya tafi da shi. Abin da ya ke ci a shekara guda bai kai a gani da ido ba. Amma Hausawa sun ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. A hankali tsaga ta zama rami, rami ya zama kogo, har cikin tudun nan duka ya zama kamar gidan gara.

Yadda Kogi Ya Yi Gada

Ban da tsami, kogi yana da waɗansu kayan aiki, su ne yashi da tsakuwa da ya ke turowa in ya cika. Da su ya ke goge gindinsa kamar yadda maƙeri ya ke goge ƙarfe da zarto. Akwai kuma wani abin da ya taimake shi. Wajen shekara miliyan 6 da suka wuce, hanyar da ta haɗa Bahar Rum da Tekun Atlantika ta toshe. Rana ta yi ta shan ruwan Bahar Rum kamar yadda ta ke shan tafki da rani, har ya ja baya ƙwarai. Kun san in inda ruwa ya ke zuba ya yi ƙasa, sai gudunsa ya ƙaru, haƙarsa ta yi zurfi. Haka Ron da Ardesh suka yi ta nutsa cikin dutse kafin teku ya sake cika. Yau bangon kwazazzabon a waɗansu wurare ya fi mita 200, a tsaye cak kamar an yanka da wuƙa.

Kilomita 5 daga Vallon akwai abin da ya fi kome suna a ƙasar nan. A da, in kogin ya iso wurin sai ya tarar da wani dogon hancin dutse ya tare masa hanya, tilas ya kewaye shi, ya yi gwiwa kamar takalmin doki, sa'an nan ya komo kusa da inda ya fara. Dutsen da ke tsakani siriri ne, kuma cikinsa da ramummuka. Ruwa ya yi ta cinsa ta wannan gefe da wancan, yana kurɗawa ta ramummukan, har ya huda shi. Da kogin ya sami gajeriyar hanya sai ya bar tsohuwar, ya miƙe ta cikin hudar, ya yi ta faɗaɗa ta. Dutsen da ya rage a bisa shi ne ya zama gada.

Tsayin gadar nan mita 54 ne, watau sai mutum 30 sun hau kan juna kāna na ƙarshe ya kai. Faɗin bakinta kuwa wajen mita 60. Ba magini, ba birkila, ba ko cokali ɗaya na siminti. Faransawa suna kiranta Pont d'Arc, ma'anarsa gada mai siffar baka. Saboda ita ne a 1948 aka ƙara wa ƙauyen suna ya zama Vallon-Pont-d'Arc. Tsohuwar gwiwar da kogin ya bari tana nan, ta zama busasshen kwari, ba ta ganin ruwa sai an yi gagarumar ambaliya.

A gindin gadar, gaba da baya, akwai rairayi mai kyau. Nan iyaye su kan shimfiɗa mayafi su zauna, yara su yi ta iyo a ƙarƙashin inuwarta. Amma an hana kowa hawa kanta.

Tafiya cikin Kwalekwale

Wanda ya ke son ya ga kwazazzabon sosai, sai ya bi ta ruwa. A Vallon da Salavas akwai masu ba da hayar kwalekwale da yawa. Kwalekwalen nan ba na itace ba ne irin na masuntanmu. Na roba ne, marar nauyi, mai ɗaukar mutum ɗaya ko biyu ko uku. In ka biya sai a ba ka filafili, da riga mai hana nutsewa, da wani ɗan duro mai murfi inda za ka sa abincinka da tufafinka don kada su jiƙe.

Tafiyar iri-iri ce. Akwai gajeriya ta kilomita wajen 8, wadda a ke gamawa cikin rabin yini, ita ce ta masu ƙananan yara. Akwai kuma doguwa ta kilomita 32, tun daga Vallon har ƙauyen Saint-Martin a ƙarshen kwazazzabo. Ƙarfafa su kan yi ta a yini ɗaya, amma yawanci a kan raba ta kwana biyu.

Da fari ruwan a kwance ya ke, kore shar, kana hangen kifi a ƙasa. Can sai ka fara jin ƙugi. Wannan wuri ne inda kogin ya matse, ya ke gudu a kan duwatsu yana kumfa. Wanda ya ke kusa da gadar an sa masa sunan wani tsohon sarkinsu, Sharlaman. A nan a ke gane gwani. Na gaba ya tuƙa da ƙarfi, na baya ya daidaita hancin jirgi ya bi inda ruwa ya fi zurfi. In suka yi gardama, kowa ya ja nasa wajen, sai jirgi ya gicciye ya kife, mutanen da ke zaune a gaɓa suna kallo su yi ta dariya. Da an wuce nan sai ga gada ta bayyana. Kowa ya kan ɗaga filafili ya ɗaga kai, jirgi ya sulale ta ƙarƙashinta, tsuntsaye suna ta shawagi a bisa.

Daga nan gaba sauran gidaje da hanyar mota sai su ɓace. Ba abin da ka ke gani sai farin bango dama da hagun, da itatuwa maƙale a jikinsa, da tsirin sararin sama. Akwai wani dutse mai tsini-tsini da ya yi kama da babban ɗakin ibada mai hasumiyoyi. Wanda dare zai yi masa ba shi da ikon kwana inda ya ga dama. Wuri biyu kaɗai aka yarda a kafa tanti, Gaud da Gournier, kuma sai ka yanki takarda tun kafin ka taso. In an isa Saint-Martin sai motar masu haya ta kwashe mutane da jirage ta komar da su Vallon. A watan Nuwamba kuma, bayan baƙi sun watse, an saba yin tseren kwalekwale a kogin, gwanaye su kan zo daga ƙasashe dabam dabam.

Ruwa Ba Abokin Wasa Ba Ne

Kada kwanciyar kogin nan ta ruɗe ku. Da rani akwai wuraren da bai wuce gwiwa ba, amma yana cikin kogunan Faransa masu saurin fushi. Ga dalili. A watan Satumba da Oktoba ruwan Bahar Rum yana da sauran ɗumi. Sai iska ta kwaso laimarsa ta yi arewa da ita, ta ci karo da duwatsun da kogin ya taso. Da ta hau bisa sai ta yi sanyi, ta juye ruwanta duka a wuri ɗaya. Wani lokaci ruwan da a kan yi cikin watanni sai ya sauka a kwana ɗaya ko biyu. Rafuka duka su kawo a lokaci guda, su tarar da kwazazzabo matsattse, ba inda ruwa zai bazu, sai dai ya hau.

Ran 22 ga Satumba, 1890, aka yi ambaliyar da har yau ba a manta da ita ba. A wajen Vallon ruwa ya hau fiye da mita 17, tsayin mutum 10 ke nan. Ya karya gadoji, ya rushe gidaje da ma'aikatu, ya share gonaki, mutane da dama suka halaka.

Saboda haka hukuma ta kafa dokoki. Ba a ɗaukar yaron da bai kai shekara 7 ba a kwalekwale. Wanda bai iya iyo ba, ba a ba shi haya. Kowa tilas ya sa rigar nan mai hana nutsewa, ko da shi sarkin ruwa ne. Akwai kuma ma'auni a gindin gadar Salavas. In ruwa ya wuce wani ƙa'idadden wuri sai a hana waɗanda ba su gwanance ba shiga, in ya ƙara hawa a hana kowa. Baƙon da ya zo daga nesa ya kan ji haushi in an ce masa yau ba tafiya. Amma rigakafi ya fi magani.

A Ƙasa da a Mota

Ba kowa ke son ruwa ba. Tsofaffi da masu jarirai su kan bi hanyar mota wadda aka gina a shekarun 1960 a bisa gefen kwazazzabon. An yi mata wuraren tsayawa 11, kowanne da shinge. In ka leƙa sai ka hangi kogi can ƙasa yana murɗawa kamar maciji, kwalekwale kuwa kamar ƙwayar hatsi ja da rawaya.

Masu ƙarfin ƙafa kuma akwai turba ta cikin kwazazzabon, mai tsawon kilomita 24, tafiyar kwana biyu. Ba ta raggo ba ce. Wani wuri sai ka hau tsani na ƙarfe, wani wuri ka dafa sarƙa, sau biyu kuma ka tuɓe takalmi ka ƙetare kogi. Waɗansu samari da 'yan mata su kan ɗaura igiya a ƙugu, su sa hular kwano, su hau bangon dutse a wuraren da aka yarda, ɗaya yana hawa ɗaya yana riƙe masa igiya a ƙasa.

Tun 1980 aka mai da kwazazzabon gandun daji. Ba a hura wuta, gama da rani itatuwan wurin a bushe su ke, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye dajin. Ba a tsinkar fure, ba a zubar da shara, kowa ya koma da abin da ya zo da shi. Dalili kuwa, wurin yana da masu shi tun kafin baƙi. Akwai wata irin gaggafa mai farin ciki wadda ta yi ƙaranci ƙwarai a Faransa, tana sheƙa a jikin bangon. In masu hawan dutse suka matso kusa sai ta tashi ta bar ƙwai ya yi sanyi, shi ya sa a kan hana hawa wajen sheƙarta. Akwai wata farar ungulu mai rawayar fuska, wadda ta kan zo ta yi ƙwai da bazara, in sanyi ya matso ta ƙetare Bahar Rum da Sahara ta sauka Afirka ta Yamma, wajen Mali da Muritaniya. A bakin ruwa kuma akwai wata dabba mai kama da ƙatuwar gafiya, mai faffaɗan wutsiya, wadda ta kan sare itace da haƙori cikin dare. Cikin kogwanni kuwa jemagu ne iri-iri.

Cikin Kogo

Mun ce cikin tudun nan kamar gidan gara ya ke. Waɗansu kogwannin an gyara su, an sa matakai da fitilu don baƙi. Ɗaya yana kusa da ƙauyen Orgnac, kudu da kogin. A 1935 wani mai binciken kogwanni, Robert de Joly, ya sauka cikinsa da tsanin igiya ta wani rami da mutanen wurin suka daɗe da sani. Yau baƙo ya kan sauka matakai wajen 700, har ya kai zurfin mita 121, sa'an nan wani keji mai aiki da lantarki ya hau da shi. Ko ana zafi kamar me a waje, ciki da sanyi, sai ka ɗauki rigar sanyi.

Abin da za ka gani ciki shi ne ruwa yana mayar da abin da ya ɗauka. Ɗigon da ya narkar da dutse a bisa, in ya iso rufin kogo sai ya ɗan tsaya kafin ya faɗi, ya bar ɗan ɓurɓushin farar ƙasa. Inda ya faɗi ma ya bar kaɗan. A hankali sai wani tsini ya sauko daga bisa, wani ya taso daga ƙasa, in sun sadu su zama ginshiƙi. Sau da yawa shekara 100 ba ta ƙara musu tsawon gaɓar yatsa. Ku tuna da wannan in kun ji an ce kada a taɓa. Abin da hannu zai karya cikin ƙiftawar ido, ya girmi kakan kakan mai hannun.

Kogon da Aka Rufe

Ran 18 ga Disamba, 1994, waɗansu mutum uku 'yan ƙasar, Jean-Marie Chauvet da Éliette Brunel da Christian Hillaire, suna bincike a jikin bangon da ke fuskantar tsohuwar gwiwar kogi, kusa da gadar. Sai suka ji iska tana fitowa ta wani ɗan rami. Masu wannan aiki sun sani in rami yana numfashi, akwai fili a bayansa. Suka kwashe duwatsu, suka kurɗa da rub da ciki, macen tana gaba. Suka zura tsani suka sauka cikin wani makeken ɗaki. Suna tafe suna haskawa, sai fitilarta ta faɗa a kan hoton wata 'yar giwa da aka zana da jar ƙasa.

Da masana suka ƙidaya, sai suka sami zane wajen 1,000, fiye da 400 na dabbobi ne. Ga dawaki sun jera kawuna, ga karkanda biyu suna karo, ga garken zakuna sun miƙa wuya suna farauta, ga ɓauna, ga giwa mai gashi, ga damisa, har da mujiya. Ashe a zamanin nan akwai zaki da karkanda a Turai. Da gawayi da jar ƙasa aka yi da yawa daga cikinsu. Mai zanen ya kan kankare bango ya yi fari tukuna, in ya zana kuma ya murza gawayin da yatsa don jikin dabbar ya fito kamar mai rai. Da aka auna gawayin sai aka ga waɗansu hotunan sun kai shekara 36,000. Mu ma muna da zanen mutanen da, kamar na shanu da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, amma waɗannan sun girme su nesa ba kusa ba.

Me ya tsare su duk wannan zamani? Fiye da shekara 20,000 da suka wuce dutse ya zubo ya toshe ƙofar kogon. Ba iskar waje, ba rana, ba mai shiga. Har sawun ƙafar wani yaro yana nan a taɓo, da toka inda suka hura wuta.

Da labari ya bazu, kowa ya so ya gani. Ga kuɗi kuma da ƙauyen zai samu. Amma Faransawa sun riga sun sha darasi. A 1940 waɗansu yara huɗu sun gano wani kogo mai zane a Lascaux. Aka buɗe shi ga jama'a a 1948, har a kan sami mutum fiye da 1,000 a yini. Numfashinsu da ɗumin jikinsu suka sauya iskar kogon, gansakuka ta fara fitowa a kan hotunan, tilas aka rufe shi a 1963. Abin da ya shekara dubbai lafiya, shekara 15 ta kusa ɓata shi.

Don haka kogon Chauvet ba a taɓa buɗe shi ga 'yan kallo ba. An sa masa ƙofar ƙarfe. Masana kaɗan ne su ke shiga, na 'yan kwanaki a shekara, su ma sai sun sauya tufafi da takalma, su bi ta wata siririyar gada ta ƙarfe don kada su taka ƙasa. A 2014 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya.

To, baƙi fa? Sai aka yi dabara. Aka auna kogon da na'ura taƙi bisa taƙi, aka gina kwatankwacinsa a kan wani tudu kusa da Vallon. Gwanayen zane suka kwaikwayi hotunan da irin gawayin da irin jar ƙasar, aka sa duhu da sanyi da laima kamar na ainihi. An buɗe shi a 2015. Yanzu 'yan makaranta su kan shiga rukuni-rukuni da ja-gaba, su kalli zakunan nan ido da ido, na ainihin kuwa suna can cikin duhunsu ba abin da ya taɓa su.

Kun ga dai mutanen Vallon da baƙi su ke ci, amma sun gane in aka bar baƙi suka yi yadda suka ga dama, gaggafa za ta gudu, daji ya ƙone, hotuna su goge, daga nan kuma ba baƙon da zai sake zuwa. Ku ma in malam ya kai ku kallon dutse ko kogo ko tsohuwar ganuwa, kada ku rubuta sunanku a jiki, kada ku ɓalli kome, kada ku bar shara. Ku bar wurin yadda kuka same shi, domin ƙannenku ma za su so su gani.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa ƙauyen Vallon ya ke, kuma mene ne sunan koginsa?
2. Yaya dutsen farar ƙasa ya samu? Faɗi wuri biyu da a ke haƙo shi a ƙasashenmu.
3. Bayyana yadda kogi ya huda dutse har gada ta samu.
4. Me ya sa kogin Ardesh ya kan cika farat ɗaya a watan Satumba?
5. Kawo dokoki uku da aka kafa wa masu shiga kwalekwale.
6. Don me ba a buɗe kogon Chauvet ga 'yan kallo ba? Wace dabara aka yi maimakon haka?
7. Rubuta layi 10 a kan wani wurin kallo da ke kusa da garinku, ka faɗi yadda ya kamata a tsare shi.